Sabon ciki da fargaba: alamomin da aka saba gani da waɗanda ba a kwana da su

A Garou da sauran garuruwan bakin kogi na komin Malanville, kamar a ko'ina cikin ƙasar Hausa, ba kasafai mace ke faɗin tana da ciki a watannin farko ba. Kunya tana hana mai cikin fari, tsoron baki da ido yana hana wadda ta saba, wadda ta taɓa ɓari kuma takan jira ta ga abin da Allah zai yi. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai dai a cikin waɗannan watanni ne jiki ya fi sauyawa, a cikinsu ne kuma aka fi yin ɓari, ga shi babu motsin ɗa balle ya kwantar wa uwa da hankali. Akasarin alamomin wannan lokaci ba su da haɗari, amma kaɗan daga cikinsu na iya cin rai cikin awoyi.

Garou da hanyoyin zuwa asibiti

Garou ɗaya ce daga cikin gundumomi biyar na komin Malanville a jihar Alibori, arewacin Jamhuriyar Benin. Sauran su ne Malanville, Guéné, Madécali da Toumboutou. Dandawa ne suka fi yawa a yankin, tare da Fulani, Zabarmawa da Hausawa 'yan kasuwa, masunta da manoma. Gaya ta Nijar tana tsallaken kogin Kwara, jihar Kebbi ta Najeriya kuma tana gabas.

Matakin farko ga mai ciki shi ne cibiyar lafiya ta gunduma, inda ake awo da haihuwa. Abin da ya fi ƙarfinta ana tura shi asibitin yanki da ke Malanville, wanda ke kula da Malanville da Karimama. Babban asibitin koyarwa na Borgou da Alibori yana can Parakou.

Iyalai da dama suna da dangi a ƙasashe uku, kuma mace kan fara awo a gidan miji ta ƙare a gidan iyaye. Rufe gadar Malanville da Gaya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar ya mayar da masu tsallakawa kan kwalekwale. Ambaliyar watannin Agusta da Satumba ma takan datse hanyoyin ƙauyuka. Don haka gidan da ke da mai sabon ciki yana bukatar ya san tun wuri asibitin da zai nufa idan abu ya taso cikin dare, wanda yake wannan gefe na kogi.

Yadda ake tabbatar da ciki da lissafinsa

Ɗaukewar jinin al'ada ita ce alamar farko, amma ba hujja ba ce. Shayarwa, allurar tazarar haihuwa, rama, doguwar jinya da tashin hankali duk suna iya jinkirta shi. Mai goyon da jininta bai dawo ba kuma tana iya ɗaukar ciki ba ta sani ba.

Gwajin fitsari da ake sayarwa a kantin magani yana gano wani sinadari mai suna hCG, wanda jiki ke fitarwa bayan ciki ya kama. Ya fi inganci daga ranar da ya kamata jini ya zo bai zo ba, da fitsarin farko na safe. Idan ya nuna babu, jini kuma bai zo ba, a sake bayan mako guda. Gwajin yana faɗin akwai ciki ne kawai. Ba ya faɗin inda cikin ya zauna ko lafiyarsa, yana kuma iya ci gaba da nuna akwai har wasu makonni bayan ɓari. Shi ya sa maimaita shi kullum ba ya ƙara komai sai fargaba da asarar kuɗi.

Ma'aikatan lafiya suna ƙirga ciki daga ranar farko ta jinin ƙarshe. Cikakken ciki mako 40 ne, wato kwana 280, kimanin wata tara da rabi a lissafin watan sama. Wadda ba ta riƙe kwanan wata ba tana iya haɗa shi da abin da ba ta mantawa: ranar kasuwa, Sallah, Maulidi, sunan wani yaro. Ungozomar asibiti za ta fitar da lissafin daga nan.

Hoton ciki na na'ura, wanda ake kira échographie, yana iya nuna bugun zuciyar ɗa daga mako na 6 zuwa na 7. Idan an yi shi kafin nan ba a ga komai ba, sau da yawa lissafi ne ya yi gaba, sai a sake bayan mako ɗaya ko biyu. Motsi kuwa mai cikin fari ba ta jinsa sai wajen mako na 18 zuwa na 20, wadda ta saba haihuwa tana iya ji tun mako na 16. Rashin jin motsi a wata na biyu ko na uku ba alamar komai ba ne.

Alamomin da aka saba gani

Laulayi, wato tashin zuciya da amai, yana kama kusan mata bakwai cikin goma. Yakan fara wajen mako na 6, ya tsananta wajen mako na 9 zuwa na 10 lokacin da hCG ya kai ƙololuwa, ya lafa a tsakanin mako na 14 da na 20. Yawan tofar da yawu, ƙin warin girki, kwaɗayin abu mai tsami, kasala, yawan barci, yawan fitsari, nauyin nono, ƙwannafi da taurin bayan gida duk suna cikin wannan sahu. Haka ma ɗan jan mara mai zuwa ya wuce, da farin ruwa mara wari mara ƙaiƙayi.

Alamomin ba sa tafiya a kan layi. Mace tana iya kwana tana amai ta wayi gari garau, ciki na biyu kuma yana iya bambanta da na fari. Wasu ba sa laulayi ko kaɗan su haifi ɗa lafiyayye. Raguwar laulayi ita kaɗai, ba jini ba ciwo, ba ta nufin ciki ya lalace.

Abin da ke rage laulayi shi ne cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, taɓa wani abu busasshe kafin tashi daga shimfiɗa, kurɓar ruwa a kai a kai, da nisantar murhu idan akwai mai karɓar girki. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, a jagorarta ta awon ciki ta 2016, ta ambaci citta da bitamin B6 cikin abubuwan da ke taimakawa. A zafin Maris zuwa Mayu ruwan jiki yana saurin ƙarewa, don haka mai amai tana bukatar ruwan gishiri da sukari, wanda ake kira SRO. Mai cikin da azumi ke galabaitarwa, shari'a ta ba ta sauƙin ajiyewa.

Sha'awar cin farar ƙasa ko ƙanƙara tana yawan tafiya da ƙarancin jini, don haka abin faɗa wa ungozoma ce.

Jini a farkon ciki

Babu abin da ya fi tsorata mai sabon ciki kamar ganin jini. Kimanin mace ɗaya cikin huɗu tana ganinsa a wata uku na farko, kuma rabinsu ko fiye cikinsu yana ci gaba har haihuwa. Ɗigo kaɗan mai launin ƙasa na iya fitowa daga bakin mahaifa, musamman bayan saduwa. Duk da haka ido ba ya iya bambance jinin da ba komai da wanda ke gaban matsala, saboda haka kowane jini ana kai shi asibiti a ranar ko washegari, ko da ya tsaya.

A garuruwan bakin kogi da fadamun shinkafa akwai ƙarin abin lura. Tsargiya tana sa jini a ƙarshen fitsari, tana kuma iya taɓa al'aurar mace ta jawo ɗigon jini. Yana da amfani mace ta lura ko jinin tare da fitsari yake fita, ta kuma faɗa idan tana wanki ko aiki cikin ruwa.

Ɓari ya fi yawa fiye da yadda ake zato, don ba a cika maganarsa ba. Mujallar likitanci The Lancet ta ƙiyasta a 2021 cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na cikin da aka san da shi yana zubewa, wato miliyan 23 a duniya kowace shekara. Mafi yawansa kafin mako na 12 yake faruwa, kuma kusan rabi yana zuwa ne daga kuskure a ƙwayoyin halittar ɗan tun ranar da aka yi cikin, abin da uwa ba ta jawo ba kuma ba ta da ikon hanawa. Aikin gida na yau da kullum, saduwar aure, firgita ko ɓacin rai na rana ɗaya ba a san su da zubar da lafiyayyen ciki ba. Kwanciya a gado kwana da kwanaki ma ba ta tsayar da ɓarin da ya riga ya taso.

Abin da ya fi gaggawa shi ne cikin da ya zauna a wajen mahaifa, galibi a bututun da ƙwai ke bi. Yana faruwa a ciki 1 zuwa 2 cikin 100. Gwajin fitsari yana nuna akwai ciki, laulayi ma yana iya zuwa, amma idan bututun ya fashe jini yana zuba ne a cikin ciki inda ba a ganinsa. Mace tana iya galabaita alhali ɗigo kaɗan ne a zaninta. Wannan aikin asibitin da ke da ɗakin tiyata da ƙarin jini ne.

Alamomin da ba a kwana da su

Ana tafiya asibiti nan take, dare ko rana, idan mai ciki ko wadda jininta ya yi jinkiri ta ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- jini mai jiƙa ƙunzugu cikin awa guda, ko mai fita guda-guda;
- ciwo mai tsanani a mara, musamman a gefe ɗaya, ko ciwon da ke harbawa zuwa kafaɗa;
- jiri, suma, zufa mai sanyi, ko tafin hannu da cikin ido sun yi fari;
- zazzaɓi ko rawar sanyi;
- aman da ya hana ko ruwa zama yini guda, fitsari ya ragu ya yi duhu;
- ruwa mai wari daga gaba, ko zafin fitsari tare da ciwon kwiɓi;
- ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, jijjiga ko wahalar numfashi.

Mai jiri ba ta hawa kabu-kabu ita kaɗai. A sami mai riƙe ta a baya, ko a nemi mota ko a-daidaita-sahu.

Zazzaɓi da magungunan kasuwa

Alamomin zazzaɓin cizon sauro suna kama da na laulayi: kasala, amai, ciwon kai, ɗacin baki. A yankin da kogi, fadama da gonakin shinkafa suka kewaye, wannan ruɗani yana da haɗari, domin zazzaɓin yana jawo ɓari da ƙarancin jini. Gwajin yatsa da ake kira TDR yana raba gardama cikin minti 15 zuwa 20. Benin ta ayyana maganin zazzaɓin cizon sauro kyauta ga masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar tun 2011. A ƙarshen 2022 OMS ta amince a yi amfani da haɗin artéméther da luméfantrine ko a wata uku na farko, amma ma'aikacin lafiya ne ke rubutawa bayan gwaji, kuma dole a faɗa masa akwai ciki.

Ƙwayoyin rigakafi uku da ake haɗiya a gaban ungozoma, waɗanda aka fi sani da Fansidar, ba a fara su sai mako na 13. Daga nan ana shan su da tazarar wata guda, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Kafin mako na 13 gidan sauro mai magani shi ne kariya.

Fargaba takan kai mace ga teburin mai tallar magani. Paracétamol a ƙa'idarsa shi ne abin da aka yarda da shi don ciwon kai ko jiki. Ibuprofène, diclofénac, tramadol, tétracycline da duk wani maganin “wankin ciki” ko “saukar da jini” ba na mai ciki ba ne sai da izinin likita. Jiƙe-jiƙe, sassaƙe da kanwa mai yawa ba a san adadin abin da ke cikinsu ba. Feshin maganin ƙwari a gona ma aikin wani ne, ba nata ba.

Idan aka ce “cikin ya kwanta”

Sananniyar magana ce a ƙasar Hausa cewa ciki yana iya kwanciya bayan zubar jini ko firgita, ya daina girma, ya tashi daga baya. Dogon zaman ciki yana da gurbi a littattafan fiƙihun Malikiyya wajen tabbatar da nasaba da kare mutuncin mace. A wajen likitoci kuwa, cikin da ya daina girma ba ya sake tashi. Abin da ake samu idan aka duba shi ne ɗayan waɗannan: ɗan ya rasu bai fita ba, ko an yi ɓari sannan aka sake ɗaukar sabon ciki, ko ƙari ne a mahaifa, ko wata lalatacciyar mabiyiya mai kama da 'ya'yan inabi, ko kuma babu ciki tun farko. Wasu daga cikinsu suna jawo zubar jini da ruɓa idan aka bar su. Addu'a da rubutun sha ba sa hana zuwa a duba, hoton ciki ɗaya kuma yana warware abin da watanni na jira ba za su warware ba.

Lokacin da damuwa ta zama ciwo

Ɗan tsoro a farkon ciki abu ne na kowa. Ya fi nauyi ga wadda ta taɓa ɓari ko wabi, ga amaryar da aka fara ƙirga wa watanni, ga mai goyon da ta yi kwanika tana jin kunyar faɗa, ga wadda mijinta ke ci-rani a Kwatano ko Legas, da wadda aka auro daga nesa ba ta jin Dandanci ko Faransanci. OMS ta ce kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa ko baƙin ciki mai tsanani, a lokacin ciki ko cikin shekarar da ta haihu.

Fargaba tana da nata alamomin a jiki: faɗuwar gaba, bugun zuciya, ƙuncin ƙirji, rawar hannu, rashin barci. Mace takan ɗauke su alamar ciki ya lalace, tsoro ya ƙaru, alamomin su ƙaru. Ƙarancin jini ma yana sa bugun zuciya da haki, don haka ana fara duba jini kafin a ce tunani ne.

Abubuwan da ke taimakawa ba masu tsada ba ne. Na farko, mutum ɗaya amintacce ya san da cikin, ko uwa, ko yaya, ko ƙawa, ko miji. Na biyu, a riƙe jerin alamomin haɗari a ka: idan babu ko ɗaya daga cikinsu, ana iya jira zuwa ranar awo. Na uku, a rage duba zani a kai a kai da sauraren saƙonnin murya na WhatsApp masu labarin ɓari da masu tallar magani. Jan numfashi a hankali ta hanci da sakinsa a tsawace na 'yan mintoci yana rage bugun zuciya, zikiri da addu'a cikin natsuwa ma haka. Tafiya kaɗan da sanyin yamma da kwanciya a kan lokaci suna gyara barci.

Idan damuwar ta kai mako biyu kullum, ta hana ci, barci ko kula da yara, ko mace ta daina jin daɗin komai, ta zama abin kai wa asibiti kamar zazzaɓi. Ana maganinta, sau da yawa da zaman tattaunawa kawai. OMS ta fitar da wani tsari na irin wannan a 2015, wanda aka fara gwadawa a ƙauyukan Pakistan ta hannun ma'aikatan lafiya na unguwa. Tunanin kashe kai, ko duka da barazana a gida, ba a jiran ranar awo da su.

Rabon miji da uwar miji

A gidaje da yawa izinin fita da kuɗin mota suna hannun maigida ko mahaifiyarsa. Izinin da aka bayar tun wuri, cewa idan an ga jini ko zazzaɓi a tafi ko ba ya nan, yana rage jinkiri. Haka ajiye 'yan kuɗin sefa a gefe, da lambar wayar mai abin hawa, da sanin ɗan'uwan da zai iya ba da jini. Kalmomin “raki” da “son jiki” kuwa suna sa mai laulayi ta ɓoye abin da bai kamata ta ɓoye ba.

Awon farko da kalmomin da ke cikin karne

OMS ta ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya sau takwas a tsawon ciki, na farko kafin mako na 12, da hoton ciki ɗaya kafin mako na 24. Ba a jiran ciki ya fito. A awon farko ana duba hawan jini, yawan jini, rukuninsa, fitsari, ƙanjamau da tunjere, ana duba rigakafin tetanus, ana ba da ƙwayar ƙarin jini mai haɗe da acide folique. Wannan sinadari ya fi amfani a makonnin farko, domin lakar bayan jariri tana rufewa cikin kwana 28 da ɗaukar ciki. Ƙwayar tana mayar da bayan gida baƙi, wannan ba matsala ba ce. Mai sikila, hawan jini, ciwon sukari ko farfaɗiya ta je da magungunanta, kada ta daina sha da kanta. Nijar ta ayyana awon ciki kyauta tun 2006, Benin kuma ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta tun 2009, amma hoto da wasu gwaje-gwaje ana biyansu.

A karnen Benin da Nijar, CPN na nufin awon ciki, DDR ranar jinin ƙarshe, SA makonnin ciki, DPA ranar da ake sa ran haihuwa, GEU ciki a wajen mahaifa, fausse couche kuma ɓari. A katin Najeriya ANC, LMP da EDD su ne takwarorin CPN, DDR da DPA. Mai tsallaka iyaka ta tafi da karnenta da takardar hoto, ta kuma ɗauki hotonsu a waya saboda ruwa. Wadda ba ta jin harshen asibiti tana da damar zuwa da mai fassara da ta yarda da ita.

Bayan ɓari

Wadda ta yi ɓari a gida tana bukatar a duba ko mahaifa ta fita da komai, musamman idan jini ya ƙi tsayawa, ko akwai zazzaɓi ko wari. Mai rukunin jini rhésus négatif tana iya bukatar wata allura cikin kwana uku don kare ciki na gaba. Ana iya sake ɗaukar ciki tun mako biyu bayan ɓari, don haka maganar hutu da tazara ana yinta da ungozoma kafin a bar asibiti. Mafi yawan matan da suka yi ɓari sau ɗaya suna haihuwa lafiya daga baya. Masu yinsa sau uku ko fiye kimanin mace 1 ce cikin 100, kuma su ne ake tura wa likitan mata domin bincike mai zurfi.